Guntun Itace A Wuyan Yaro: Lacca Kan Harshen Mutanen Ailan

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da war haka.

Da wani guntun itace zan fara. A ƙarni na 19, a ƙauyukan yammacin Ailan, akan rataya wa yaro shi a wuya. Duk sanda bakinsa ya suɓuce ya yi magana da harshen gida, wato Gaeilge, sai a yi wa itacen tsaga ɗaya. Malami ya ƙirga tsaga, ya yi bulala daidai da ita. Na ga wasu na murmushi, don mu ma an ci tararmu a firamare kan "banakula". Amma ga inda abin yake da ciwo: sau da yawa iyayen yaron ne da hannunsu ke yin tsagar a gida.

Me zai sa uwa ta yi haka? Harshen nan ba na jiya ba ne. Tun wajen ƙarni na 4 ake sassaƙa shi a jikin duwatsu da rubutun Ogham. Ingila ta daɗe tana takura masa, har a 1366 dokokin Kilkenny suka hana mutanenta da ke zaune a Ailan magana da shi, bai kuwa mutu ba. Makarantun gwamnati da aka kafa a 1831 da Ingilishi suke koyarwa, ya dai jure. Yunwa ce ta karya shi. Daga 1845 cuta ta faɗa wa dankalin Turawa, abincin talaka. Mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu, wajen miliyan ɗaya suka bar ƙasar, kuma yankunan masu Gaeilge ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Uwa ta san jirgin ruwa ɗanta zai hau zuwa Boston ko Liverpool, inda harshenta ba zai samo masa ko aikin dako ba. Ni dai ba zan iya zaginta ba.

A 1893 Douglas Hyde da Eoin MacNeill da abokansu suka kafa Conradh na Gaeilge, ƙungiyar farfaɗo da harshen, suna koyar da manya da daddare. Bayan kafuwar ƙasar Ailan mai mulkin kanta a 1922 aka wajabta harshen a makarantu, tsarin mulkin 1937 ya sa shi harshen hukuma na farko, Tarayyar Turai ma ta karɓe shi a 2007.

To, me aka girba? A ƙidayar 2022 mutum kusan miliyan 1.9 suka ce suna jin Gaeilge. Waɗanda ke magana da shi kullum a wajen makaranta kuwa, kusan 72,000 ne kacal. Shekara ɗari ana koyarwa! An mai da shi darasin cin jarrabawa, yaro ya haddace, ya rubuta, ya fito ya bar shi a bakin ƙofar aji.

Inda na ga abin ya yi rai, jama'a ne suka tashi da kansu. A 1970 mutanen Connemara, a yammacin Ailan, suka gaji da jira, suka buɗe gidan rediyo ba lasisi. Bayan shekara biyu hukuma ta kafa Raidió na Gaeltachta, gidan rediyo na masu Gaeilge. Talabijin ta biyo baya a 1996, wadda yau ake kira TG4.

Shugaba na nuna min agogo, bari in ƙara ɗaya. A Belfast, a Ailan ta Arewa da ke ƙarƙashin mulkin Birtaniya, wasu 'yan iyalai suka haɗa kuɗi a ƙarshen shekarun 1960, suka gina gidaje jere a titin Shaw's Road, don 'ya'yansu su tashi suna wasa da Gaeilge a ƙofar gida. A 1971 suka buɗe makarantarsu da yara tara, suka yi shekara fiye da goma gwamnati ba ta ba su ko sisi ba. Makarantar na nan har yau.

Wanda ke da tambaya, bismillah.