Baje kolin Rio na 1922: tudun da aka wanke da ruwa, da rediyon da aka kunna

Masu sauraro barkanmu da war haka. Sharhin namu na yau ya leƙa Brazil ne, shekarar 1922, lokacin da ƙasar ta cika shekara 100 da ɓallewa daga hannun Fotugal, gwamnatin shugaba Epitácio Pessoa ta ce dole duniya ta zo ta gani, sai aka shirya baje koli na ƙasa da ƙasa a Rio de Janeiro wanda shi ne babban birni a lokacin. An buɗe ranar 7 ga Satumba, aka ci gaba har cikin 1923.

To amma fa filin ba daga sama ya faɗo ba. Akwai wani tudu a tsakiyar gari mai suna Morro do Castelo, can aka mayar da cibiyar birnin tun 1567, da tsofaffin majami'u a kai, talakawa kuma sun cika shi da gidaje. Magajin gari Carlos Sampaio da mutanensa suka ce wai yana tare iska yana jawo cuta, shi ke nan aka kawo manyan tiyo aka riƙa feshe shi da ruwa mai ƙarfi yana narkewa, ƙasar aka tura bakin teku aka cike, aka samu filin baje kolin. Mazauna wurin kuwa kowa ya kama gabansa. Ni a ganina wannan ɓarna ce tsagwaronta, ka rushe tushen garinka don baƙi su yaba maka. Kuma birnin yana cikin dokar ta-ɓaci ne fa, saboda boren da matasan hafsoshi suka yi a barikin Copacabana a watan Yuli.

Faransa ta gina rumfarta da siffar ƙaramar fadar Petit Trianon, bayan an tashi ta bar wa cibiyar marubutan Brazil, har yau suna nan da ita.

Abin da ya fi shafarmu mu ƴan rediyo shi ne, ranar buɗewar aka fara watsa shiri ta rediyo a hukumance a Brazil, kamfanin Westinghouse ya kafa na'ura a saman dutsen Corcovado aka jiyo jawabin shugaban ƙasa ta lasifika. Wani masanin kimiyya ɗan Brazil, Edgard Roquette-Pinto, da ke wurin ya ce sautin duk ƙara ce da shaƙewa, mutane ma ba su kula sosai ba. Amma shi abin ya shiga ransa, a Afrilun 1923 shi da abokansa masana kimiyya suka kafa tashar Rádio Sociedade do Rio de Janeiro, daga baya a 1936 ya miƙa ta ga ma'aikatar ilimi da sharaɗin ta ci gaba da ilimantarwa.