Daga Lesta: wace irin zantawa ce ta dace da damuwarki?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, yanzu na taso daga aiki, ina takawa zuwa tashar bas a nan Lesta. Ƙarfe huɗu da kwata, amma ga shi har duhu ya shiga. Haka Disamba take a Ingila.

Jiya wata ƙanwata ta turo mini saƙo, ta ce, "Anti, sau uku ina zuwa wajen mai ba da shawara kan damuwar zuciya, ban ga canji ba, na daina." Na ce mata wane iri aka yi miki? Ta ce ashe iri-iri ne? Abin ya tsaya mini a rai, domin ni ma da farko ban sani ba.

Wanda ni na yi shi ne CBT, wato maganin zantawa da ke gyara yadda mutum yake tunani da yadda yake aikatawa. Wani likita mai suna Aaron Beck ne ya assasa shi a Amurka cikin shekarun 1960. Ba ya tone-tonen yarinta sosai, abin da ke kanki yau yake bi. Shekarar da na zo ƙasar nan, idan shugabata a wurin aiki ta wuce ba ta amsa gaisuwata ba, kafin dare na gama yanke cewa korata za a yi, biza ta tafi, an maida ni gida. Barci ya ƙaurace mini. Matar da ke yi mini CBT ɗin sai ta sa in riƙa rubuta tunanin a takarda, in rubuta hujjar da ke gaskata shi da wadda ke ƙaryata shi. Kowane mako da aikin gida. A zama na shida na fara barci. Yana yi wa mai fargaba da mai ciwon damuwa, haka mai waswasi, irin wanda zai yi alwala sau goma bai gamsu ba. Shi a hankali ake koya masa jure shakkar ba tare da ya sake ba.

Amma ƙanwar tawa ba fargaba ke damunta ba. Mahaifiyarta ce ta rasu a gida ita kuma tana nan Ingila, ba ta samu jana'iza ba, ba ta zauna zaman makoki ba, ta waya ta karɓi gaisuwa. Wannan ba takarda take buƙata da farko ba. Tana buƙatar wanda zai saurare ta har ta amayar da abin da ke cikinta, ba gaggawa, ba hukunci, irin hanyar da masanin halayyar ɗan Adam Carl Rogers ya shimfiɗa. Ko kuma wani irin da ake kira IPT, wanda ya fi maida hankali kan rashi, saɓani da makusanta, da sauyin rayuwa kamar ƙaura ko haihuwa.

Wanda kuma ya ga tashin hankali da idonsa, hatsarin mota ko hari, abin yana dawo masa a mafarki da farke, akwai EMDR da Francine Shapiro ta fara a 1987. Za ka tuna abin kaɗan-kaɗan kana bin yatsan mai maganin da ido, dama da hagu, har kaifinsa ya ragu. DBT na Marsha Linehan na wanda fushi ko baƙin ciki ke taso masa kamar ambaliya ne, har ya kai ga raunata kansa. Akwai kuma doguwar hanyar da ta samo asali daga Sigmund Freud, ta mai son gane me ya sa matsala ɗaya ke bin sa daga wannan dangantaka zuwa waccan. Ita takan ci watanni, har shekaru.

Na san wasu za su ce ina tawakkali? Wallahi ban bar addu'a ko kwana ɗaya ba, ina zuwa ina kuma roƙon Allah.

Idan a Ingila kike, nemi NHS Talking Therapies, wato sashen maganin zantawa na hukumar lafiya ta ƙasar, a intanet. Kyauta ne, kuma kina iya cika fom da kanki ba sai likita ya tura ki ba. Ki nemi tafinta idan Turanci na yi miki nauyi, ki ce mace kike so idan haka ya fi miki. A ganawar farko ki tambaya kai tsaye: wane iri za a yi mini, kuma me ya sa shi? Idan kuma dare ya tsananta, kin ji ranki ya fita daga komai, kira Samaritans, ƙungiyar da ke sauraron masu damuwa ta waya, a 116 123, ko ƙarfe nawa ne.

Ƙanwar tawa ta ce Litinin za ta sake kiran masu ba ta shawarar. Ga bas ɗina nan ta iso, sai mun haɗu.