Linux ne ko GNU/Linux? A buɗe injin a gani

Jama'a, musun nan ya ƙi ƙarewa, daga ɗaliban kwamfuta na jami'ar ATBU da ke Bauchi har masu gyara a kasuwar Wunti. Wannan ya ce Linux, wancan ya ce a'a, GNU/Linux ne.

Tarihin a gurguje. A 1983 Richard Stallman ya shelanta aikin GNU a Amurka, don a gina babbar manhaja mai 'yanci, wadda kowa zai iya dubawa, ya gyara, ya raba. Suka yi GCC mai haɗa manhaja, suka yi Bash mai karɓar umarni, amma kanel ɗinsu (wato zuciyar babbar manhajar), Hurd, ya ƙi nuna. A 1991 Linus Torvalds, ɗalibi a Helsinki, ya fito da nasa kanel ɗin. Shi ne Linux.

To nan ake ruɗewa, don haka mu tsaya.

Kanel ba ya fitowa a allo. Shi ke raba wa manhajoji ƙwaƙwalwa da lokacin aiki, shi ke magana da faifai da kibod da katin intanet. Ku ɗauke shi kamar injin Keke Napep. Inji kaɗai ba ya kai fasinja Yelwa, sai da ƙarfen jiki da birki da kujera. A Debian, ɗaya daga cikin manyan manhajojin da aka gina kan Linux, da yawa daga cikin waɗannan sassan da ke kewaye da injin kayan GNU ne.

Mun buɗe baƙin allon rubuta umarni a kwamfuta mai Debian. Mun rubuta uname -s, ta ce Linux. Yanzu uname -o: GNU/Linux. Kwamfuta ɗaya, baki biyu! Na farko sunan kanel ne, na biyu sunan tsarin da ke kansa. Sai ls --version, wato muna tambayar asalin ls, umarnin jera fayil. Sai ga GNU coreutils, tarin ƙananan umarnin GNU, a layin farko. Ashe ko jera fayil, da kayansu kuke yi.

Amma kada mutanen Stallman su yi saurin tafi. Wayar Android da ke hannunku kanel ɗin Linux ne a ciki, sai dai Bionic na Google take amfani da shi a madadin glibc, wato kayan GNU da manhajoji ke bi ta kansa su yi magana da kanel. Alpine kuwa, wata babbar manhaja mai kanel ɗin Linux, musl ta ɗauka a madadin glibc, da BusyBox a madadin coreutils. Kiran waɗannan GNU/Linux kuskure ne.

A ganina, a hira ku ce Linux, ba wanda zai ci ku tara. Amma in za ku sauke manhaja, ku duba ko don glibc aka haɗa ta. In kuka kai ta Alpine haka nan, galibi ba za ta tashi ba, har allon ya ce bai ga fayil ɗin ba, alhali ga shi a gabanku.