Fikafikai Shida: Lacca a Kan Girman Allah, Mala'iku da Ƙarshen Zamani

Salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Na baya, kuna ji na? To madalla. Abu uku na shirya mana yau: girman Allah, aikin mala'iku, sai annabcin ƙarshen zamani. Kowa ya buɗe Ishaya sura 6. Matasa masu karantawa a waya, Ishaya na ce fa, ba WhatsApp ba. (Dariya.)

Na farko. Ishaya ya ce a shekarar da Sarki Uzziya ya rasu ne ya ga Ubangiji zaune a kan kursiyi. Kada mu wuce wannan da gudu. Uzziya ya hau gadon sarautar Yahuza yana ɗan shekara 16, ya yi shekara 52 yana mulki a Urushalima. Wato akwai masu furfura da ba su taɓa sanin wani sarki ba sai shi. Ya gina hasumiyoyi, ya haƙa rijiyoyi, ya ci Filistiyawa da yaƙi. Da ya ga ya ƙasaita sai girman kai ya hau masa, ya kutsa Haikali zai ƙona turare, aikin da na firistoci ne kaɗai. Nan take kuturta ta fito masa a goshi, ya ƙare kwanakinsa a keɓe. Ku duba 2 Tarihi 26 in kun je gida. To, sarki ya mutu, hankalin jama'a a tashe, ga Assuriya tana ta ƙara ƙarfi. A wannan shekarar aka nuna wa Ishaya kursiyin da ba a taɓa nema masa magaji ba.

Sai ya ga serafim, wato wasu mala'iku, kowane da fikafikai shida. 'Yan'uwa, a nan zan ɗan zauna. Ku ƙirga tare da ni. Biyu ya rufe fuskarsa. Biyu ya rufe ƙafafunsa. Biyu yake tashi da su. Nawa ne na aiki? Biyu. Nawa ne na ladabi? Huɗu! Waɗannan fa ba su taɓa yin zunubi ba. Ba su taɓa ƙarya ba, ba su taɓa cin bashi su ƙi biya ba, ba su taɓa gulmar maƙwabci ba. Amma ba sa iya ɗaga ido su dubi Mai Tsarki. Suna kira wa juna, Mai Tsarki, Mai Tsarki, Mai Tsarki, har madogaran ƙofa suka girgiza, hayaƙi ya cika ɗakin. Muryar bawa ce fa ta girgiza ginin, Maigidan bai ma yi magana ba tukuna.

Ina so ku san irin ƙarfin masu rufe fuskar nan. A 2 Sarakuna 19, Sennakerib sarkin Assuriya ya aiko wa Hezekiya sarkin Yahuza wasiƙar cin mutunci, Hezekiya ya ɗauki wasiƙar ya shimfiɗa a gaban Ubangiji. Cikin dare ɗaya mala'ika ɗaya ya kashe mayaƙan Assuriya 185,000. Ɗaya tak. Yohanna kuma, a Ru'ya sura 5, ya ce ya ji muryar mala'iku dubu dubbai kewaye da kursiyin. Irin waɗannan halittu ne suke rufe fuska. Biyu na aiki, huɗu na ladabi, ku riƙe wannan. Mu kuwa mukan shigo sujada muna hira, ana addu'a muna duba agogo. Iyayena mata, ba da ku nake ba, ku ne kuka fi mu durƙuso. Ishaya, annabi guda, abin da ya fito bakinsa shi ne kaitona, na hallaka, leɓunana marasa tsarki ne. Sai da aka ɗauko garwashi daga bagade da awartaki aka taɓa bakinsa, aka ce an ɗauke laifinsa, sannan ya iya cewa ga ni, ka aike ni. Gafara ce ta fara zuwa kafin aike.

Ashe mun riga mun shiga na biyu. To bari in haɗa. Ibraniyawa 1:14 ta ce mala'iku ruhohi ne masu hidima, ana aikensu domin waɗanda za su gāji ceto. Ba a yi musu sujada, ba a roƙonsu. Sau biyu Yohanna ya faɗi a gaban mala'ika, a Ru'ya 19 da 22, sau biyu aka ce masa kada ka yi, ni abokin bautarka ne, Allah za ka yi wa sujada. Wa ya taɓa zuwa fada ya faɗi ya yi gaisuwa ga dogari ya bar sarki zaune? Saboda haka duk mai sayar muku da sunayen mala'iku na asiri, ku kama kanku da aljihunku.

Na uku, ƙarshen zamani, lokaci ya tafi. Matiyu 24:36: ranar nan da sa'ar nan ba wanda ya sani, ko mala'ikun sama. Masu tsayuwa kusa da kursiyin ba a gaya musu ba. Amma a Amurka mabiyan wani mai wa'azi, William Miller, suka jira dawowar Yesu ranar 22 ga Oktoba 1844, gari ya waye suna kuka. Wani mai wa'azin kuma, Harold Camping, ya sa 21 ga Mayu 2011, wasu suka kashe dukiyarsu wajen tallar ranar. Yesu zai dawo, wannan tabbas ne, mala'iku biyu suka faɗa a Ayyukan Manzanni sura 1. Aikinmu zaman tsaro da wa'azin bishara. Sai makonni saba'in na Daniyel... Na'am, Mama? A miƙa mata makirufo.

(Wata dattijuwa ta ce: Baba Pasto, in mala'iku suna da ƙarfi haka, suna ina ranar da aka shigo ƙauyenmu aka kashe ɗana?)

Mama, sannu. Allah ya ba ki haƙuri. Zauna, ba sai kin tsaya ba. Ba zan ba ki amsa ta gaggawa ba. Mu buɗe Ayyukan Manzanni 12. A nan ne mala'ika ya shiga kurkuku, ya sami Bitrus yana barci tsakanin soja biyu, ɗaure da sarƙa biyu. Ya taɓa shi, sarƙoƙi suka zube, har ya ce masa sa takalmanka. Ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta. Kowa yana son wannan labari. Amma aya ta 2 ta wannan sura ta ce Sarki Hiridus ya kashe Yakubu, ɗan'uwan Yohanna, da takobi. Manzo ne shi ma, yana cikin ukun da suka ga ɗaukakar Yesu a kan dutse. An fitar da Bitrus, ba a fitar da Yakubu ba, kuma Luka, marubucin littafin, bai rubuta dalili ba. Don haka kada kowa ya ce miki ƙarancin bangaskiyarki ne, ko ba a ƙaunar ɗanki a sama.

Tambayarki kuma ana yinta a sama, Mama. Ru'ya 6, daga aya 9: rayukan waɗanda aka kashe saboda maganar Allah suna ƙarƙashin bagade, suna kira da ƙarfi, har yaushe, ya Ubangiji? Ba a tsawata musu ba. An ba kowannensu farar riga, aka ce su ɗan ƙara hutawa. Shari'a tana zuwa, jinin ɗanki yana rubuce, sura 21 kuma ta ce Allah da kansa zai share hawaye, bai bar wa mala'ika wannan aikin ba.

Daniyel sai mako mai zuwa, ku karanto sura 9. Zumuntar mata, ku matso kusa da Mama. Dattijo, jagorance mu cikin addu'a.