Maganar ƙananan rubutu a fom ɗin intanet

Jama'a, ku yi mini haƙuri, zan tsallake jerin batutuwan taronmu, don lamarin dattijonmu Baba ya hana ni sakat. An dawo masa da takardar sabunta izinin zamansa saboda gurbi ɗaya da bai cika ba. A waya ya cika fom ɗin, rubutu kamar tururuwa, idonsa bai kai wurin ba. A gida da tuni wani yaro ya zauna kusa da shi ya karanta masa. A nan kowa na wurin aiki.

Abin takaicin, maganin yana hannunmu. A kwamfuta, ka danne maɓallin Ctrl ka taɓa alamar +, shafin zai ƙara girma. Ctrl da 0 ya mayar da shi yadda yake. A Windows ana iya ɗaga girman komai na allo zuwa kashi 125 ko 150. Wayar Android da iPhone duk suna da wurin ƙara girman rubutu a saitinsu. Iyayenmu, ba abin kunya ba ne. Daga wajen shekara 40 ido ke fara gajiya da ganin na kusa, mu ma mun shiga layi.

Ku matasa masu aikin kwamfuta, da ku muke alfahari, amma da ku nake. Tun 2008 ƙa'idar WCAG, wato ƙa'idar tsara shafukan intanet yadda kowa zai iya amfani da su, ta ce a iya ninka girman rubutu sau biyu ba tare da wani abu ya ɓace ba, a 2018 aka ƙara da cewa shafi ya jera kansa daidai faɗin allo, kada mutum ya yi ta ja dama da hagu. Wajen wannan jan ne gurbi ke ɓuya, haka ya faru da Baba. To don me fom ɗin rajistarmu har yau hoton takarda ne ake turawa ta WhatsApp? Ana buɗa shi sai ya dushe, PDF kuma ba ya jera kansa. Don Allah ku sake mana shi kafin taro na gaba.

Kuɗin wata, waɗanda ake bi sun san kansu. Rahoton kwamitin walwala an tura muku.

Bayan addu'a kada wani dattijo ya fita sai an gyara masa wayarsa, kuma ina neman mutum biyu da za su zauna da Baba su sake cika fom ɗin izinin zamansa a babban allo. Ma'aji, bismillah.