Ruwan Haɗeja da Nguru: Wace Jama'a Aka Tambaya?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Duk lokacin da za a datse kogi, ko a killace daji, ko a hana su a wani tafki, magana ɗaya hukuma take yi: an yi ne don amfanin jama'a. Sharhinmu na yau tambaya yake yi, wace jama'ar? Kuma yaushe aka zauna da ita har aka san abin da take so? A Arewacin Najeriya babu inda wannan tambaya ta fi fitowa fili kamar dausayin Haɗeja da Nguru, wanda ya ratsa jihohin Jigawa da Yobe, ya taɓo Bauchi.

Kogin Haɗeja daga ƙasar Kano yake tasowa, bayan kogin Kano da na Challawa sun haɗe. Kogin Jama'are kuwa daga tsaunukan Jos yake gangarowa. Da suka iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tuddan yashi sai su rarrabu, su bazu cikin fadamu da tafkuna, kafin su sake haɗuwa kusa da Gashuwa su zama kogin Yobe, wanda yake bin iyakar Najeriya da Nijar ta wajen Diffa har Tafkin Chadi.

Abin da ya raya wannan yanki tun kaka da kakanni shi ne zuwan ruwa da komawarsa. Idan damina ta yi nisa, wajen Agusta da Satumba, kogi ya cika ya tumbatsa, manomi ya samu shinkafarsa, kifi ya shiga fadama ya yi ƙwai. Ruwa na ja da baya, masunci ya kafa malinsa a bakin mashigi, ya kwashi tarwaɗa da karfasa. Inda ƙasa ta tsane manomi ya bi laima ya shuka wake ko dawa. Rani na tsananta kuma sai ga Bafulatani da garkensa, shanu su ci ɗanyar ciyawa su bar taki. Mata su yanko kaba su saƙa tabarmi da faifai. Fili ɗaya, amma a shekara guda sai ya ciyar da gida uku ko huɗu, kowa da watansa, kuma sarkin ruwa da mai unguwa da arɗo sun san iyakar kowa.

A shekarar 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, aikin da aka fara a zamanin Gwamna Audu Bako. A 1992 ta Challawa ta biyo baya. Kada a yi mana gurguwar fahimta, waɗannan ayyuka sun yi rana. Ruwan famfon birnin Kano da su ya dogara. Tumatir da shinkafa da alkamar Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam albarkacin Tiga ne, kuma duk wanda ya ga motocin kwandunan tumatir suna barin Kwanar Gafan ya san ba ƙaramin arziki ba ne. Su ma waɗannan manoma jama'a ne, kuma abin da suke so a fili yake: ruwa a hanyar ban-ruwa rani da damina.

Amma kogin ba a Kano ya ƙare ba. Masana sun auna cewa a ƙarshen shekarun 1960 ambaliyar shekara-shekara takan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 a dausayin. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 abin ya koma ƙasa da rabin haka. Farin da aka sha a shekarun 1970 da 1980 yana da nasa kason laifin, wannan gaskiya ne. Sai dai fari yakan zo ya wuce, madatsa kuwa tana nan.

Abin da ya fi raguwar ruwan illa shi ne sauyin lokacinsa. Da, kogi yakan ƙafe da rani, rana ta gasa gindinsa, ciyawar ruwa ta mutu. Yanzu ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara saboda masu noman rani da masu shan famfo, ga shi babu wata babbar ambaliya mai ƙarfin da za ta wanke hanya. Wannan shi ne daidai abin da kacala, wata doguwar ciyawar ruwa, take so. Ta kama gindi, ta yi tsawon da ya fi mutum, yashi da laka suka taru a saiwarta, hanyoyin ruwa suka toshe. Tsohon kogin Haɗeja, wanda shi ne yake kai ruwa wajen Gashuwa, ya shaƙe. Ruwan ya karkata ta mashigin Marma ya nufi Nguru. Sakamakon haka sai ka iske ƙauye guda gonakinsa sun nutse shekara da shekaru, wani ƙauyen kuma a can ƙasa yana duban sama yana jiran kogin da bai zo ba. Mutanen Guri da Kirikasamma da Auyo ba sa bukatar a ba su labarin wannan.

Wanda yake son ya san abin da mutanen yankin suke so, ya je bakin ruwa ya ga abin da suke kashe ƙarfinsu a kai. Zai ga magidanta sun yi gayya, ruwa iya ƙirji, kowa da lauje ko adda, suna yankan kacala daga ƙarƙashin ruwa, domin idan aka yanke ta a sama kwana kaɗan za ta sake tohowa. Ga matsattsaku, ga sauro, ga tsoron maciji. A wuni guda da ƙyar su buɗe hanyar da kwale-kwale zai wuce. Zai kuma ga yara a gonar shinkafa tun asuba, an ja igiya an rataya gwangwanaye, suna kaɗawa suna ihu don korar jan-baki, tsuntsun da ya samu mafaka a cikin kacalar nan, yake kwana yana hayayyafa. Yaron da ya wuni yana korar tsuntsu bai je makaranta ba ranar. Mutumin da ya bar sana'arsa ya shiga ruwa yana wannan aiki ba da lada ba, ai ya riga ya faɗi ra'ayinsa, ko da babu wanda ya zo da takarda ya tambaye shi.

Akwai kuma wata jama'ar da take da ra'ayi kan dausayin nan, alhali ba a nan take zaune ba. Dubban tsuntsaye suna tasowa daga Turai duk hunturu, su ƙetare Sahara su sauka a nan. Saboda su aka keɓe Dagona a ƙasar Bade, wadda yanzu take cikin Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi, kuma a 1989 har Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo ya gane wa idonsa. A 1987 ƙungiyoyin kare muhalli na gida da na waje suka kafa wani shiri na kula da dausayin, a shekarar 2000 kuma aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Mai son tsuntsu yana da gaskiyarsa. Amma manomin da jan-baki suka cinye wa gona, idan ka ce masa tsuntsaye abin alfahari ne, sai ka yi masa bayanin waɗanne kake nufi. Abin yabo ga wancan shiri na kula da dausayin shi ne, waɗanda suka zo don tsuntsu ba su daɗe ba suka gane cewa ambaliyar da agwagwar ruwa take bukata ita ce dai wadda masunci da makiyayi suke kuka a kai.

Daga cikin wannan aiki ne masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi wani lissafi a farkon shekarun 1990. Suka kwatanta abin da ma'aunin ruwa guda yake samarwa idan an bar shi ya malala a fadama, wato noma da kifi da itacen girki, da abin da yake samarwa a babban aikin noman rani na kogin Kano. Fadama ce ta yi rinjaye, kuma da rata mai yawa. To me ya sa ba a ga haka ba tun farko? Saboda buhun alkamar da ya fito daga aikin gwamnati yana shiga rahoto, amma busasshen kifin da aka kai kasuwar Nguru, da ƙwaryar nono, da tabarmar kaba, babu mai rubuta su. Wanda ba a lissafa arzikinsa ba kuwa da wuya a nemi jin ta bakinsa.

A nan ne muke ganin kuskuren yadda ake yawan yin taron jin ra'ayin jama'a a ƙasar nan. A kama ɗakin taro a babban birnin jiha, a gayyato hakimai da shugabannin ƙungiyoyi da jami'ai, a yi jawabai, a raba kuɗin mota, a rubuta cewa an tuntuɓi masu ruwa da tsaki. Makiyayin da ba ya isowa yankin sai bayan kaka ba ya wurin. Matar da kaba ce jarinta ba ta wurin. Ɗan ƙauyen da yake can ƙarshen kogi, wanda komai aka yanke a kansa zai ƙare, shi ma ba ya wurin. Sannan ita kanta tambayar da ake yi ba ta da amfani. Ka tambayi kowa ko yana son ruwa, zai ce yana so. Tambayar da take fito da gaskiya ita ce mai tsada: a wane wata kake son ruwan? Idan za a sako babbar ambaliya sau ɗaya a shekara don ta wanke kacala, ka yarda a rage maka na rani? Idan za a rufe wannan tafki wata uku kifi ya girma, me za ka ci kafin nan? A irin wannan ne ake gane abin da mutum ya fi so, da abin da zai iya haƙura da shi, da kuma diyyar da za ta sa ya haƙura.

Ba muna cewa duk abin da jama'a suke so daidai ne ba. Akwai manomin da yake haƙa tasa hanyar ya janye ruwa zuwa gonarsa, bai damu da na ƙasa da shi ba. Akwai mai saran itace a dajin Baturiya don bandar kifi ko sayarwa a birni. Akwai mai su da tarun da ba ya barin ko 'ya'yan kifi. Sanin ra'ayin mutane ba ya nufin sakar musu linzami. Amfaninsa shi ne hukuma ta san inda bukatu suka yi karo, ta raba gardama da idonta a buɗe, kuma dokar da ta kafa ta zama wadda mutane za su tsare da kansu idan jami'i ya koma gida.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ga wannan a kan itatuwa. Muddin doka tana cewa itacen da ke gonar mutum na hukuma ne, kuma malamin daji zai ci shi tara idan ya sare reshe, manomi ya gwammace ya tumɓuke tsiron tun yana ƙarami. Daga shekarun 1980, a yankin Maraɗi, aka fara ƙarfafa wa manoma su bar tohon kututture su riƙa yi masa aski, abin da ake kira sassaben zamani, hukuma kuma ta sassauta, manomi ya tabbata itacen nasa ne. An ƙiyasta cewa gonaki kimanin hekta miliyan 5 ne suka sake yin itatuwa a kudancin Nijar, musamman gawo. Manoman nan dama suna son itace, tarar ce ba sa so.

A dausayin Haɗeja ma ba a zauna haka nan ba. A 2006 jihohi shida da kogunan suka shafa, wato Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato, sun yi taron ƙoli a Damaturu, suka amince da tsarin kula da ruwan tare, aka kafa asusu na musamman, aka kuma tsara yarjejeniyar rabon ruwa. An yi aikin buɗe wasu hanyoyin ruwa tare da mutanen ƙauyuka. Amma ambaliyar 2022, wadda ta ci rayuka da gidaje da gonaki a Jigawa, ta nuna har yanzu hanyoyin ruwan ba su koma daidai ba, kuma yashe kogi da inji, duk amfaninsa, ba zai hana kacala dawowa ba matuƙar salon sakin ruwan bai sauya ba.

Ga kuma batun madatsar Kafin Zaki a jihar Bauchi, wadda aka fara tun zamanin Shugaba Shehu Shagari aka dakatar, aka sake tayarwa aka sake dakatarwa. Bauchi tana so, don tana hangen noman rani da aikin yi ga matasanta, kuma wannan buri ne na halal. Yobe da Borno sun daɗe suna nuna fargaba, domin Jama'are shi ne babban kogin da ya rage ba a datse ba, shi ne yake kai mafi yawan ruwan da ke isa Gashuwa da abin da ya yi ƙasa. Duk ranar da aka sake ɗauko fayil ɗin nan, ya kamata a fara zaman daga ƙarshen kogi a hauro sama: Geidam, Gashuwa, Gogaram inda Badawa suke bikin kamun kifinsu, sannan Katagum, sannan Bauchi. A yi zaman da rani, lokacin da makiyaya suke nan, da Hausa da Kanuri da Badanci da Fulatanci, a ware wa mata nasu zaman. Ita kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda makullan Tiga da Challawa suke hannunta, ta riƙa fitar da jadawalin sakin ruwa na shekara tun kafin shuka, a karanta shi a gidajen rediyo, domin mai shinkafa a Kura da mai koma a Nguru kowa ya san watan da ruwa zai iso masa da kuma ofishin da zai kai ƙorafi idan bai zo ba.