Wa yaro zai kai wa kuka?

Masu sauraro, assalamu alaikum.

A ƙarshen watan Satumban 2019, 'yan sanda sun kai samame wani gida a unguwar Rigasa da ke Kaduna, inda suka fito da mutane sama da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, wasu bayansu duk tabon bulala. Kafin Oktoba ya ƙare an sake bankaɗo irin waɗannan gidaje a Daura da Katsina da Zariya. Yawancin yaran iyayensu ne suka kai su, don a gyara musu tarbiyya ko a raba su da shaye-shaye. Aka yi ta Allah wadai, aka rufe gidaje, maganar ta lafa.

Amma kafin ranar samamen, yaron da aka ɗaure wa zai kai wa kuka? Wanda ke riƙe da makulli shi ke ba shi abinci, shi ke horonsa, kuma shi iyaye ke tambaya ko yaro ya shiryu. Samame ihu ne bayan hari. Haka lamarin yake a gidan marayu da gidan kangararrun yara, ko da na gwamnati ne. A yawancin jihohinmu ma'aikatar mata ce ke yi wa gidajen marayu rajista, ita ke duba su, ita kuma ke tafiyar da nata. In abin ya lalace a gidan da take riƙe da shi, ana so ke nan ta binciki kanta, ta kuma tona asirin ma'aikatanta. Ba zargin kowa ake yi ba, amma abu ne mai wuya.

Ingila ta koyi wannan darasi da ran wata yarinya 'yar Ivory Coast, Victoria Climbié. Shekarunta takwas lokacin da ta rasu a Landan a watan Fabrairun 2000, a hannun 'yar'uwar kakanta da saurayin matar, da raunuka 128 a jikinta. Abin takaicin shi ne ba ɓoye take ba. Asibitoci biyu sun gan ta, 'yan sanda sun san da ita, ma'aikatan jin daɗin jama'a sun buɗe mata fayil. Sai dai kusan kullum bakin matar aka saurara, ba a zauna da yarinyar an ji nata ba. Rahoton binciken da gwamnati ta sa Lord Laming ya jagoranta kan mutuwarta ya fito a 2003 da shawarwari 108, aka yi sabuwar doka a 2004, aka naɗa kwamishinan yara na farko a 2005. A yau kwamishinan na da ikon shiga duk gidan kula da yara ya gana da yaro shi kaɗai, kuma dole wani mai zaman kansa ya ziyarci kowane irin wannan gida aƙalla sau ɗaya a wata ya rubuta rahoto. Ƙasar Norway ta riga kowa, tun 1981 ta kafa ofishin mai kare muradun yara.

Mu ma ba a rasa hukumomi ba. Akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a tun 1975, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam tun 1995, ga Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda Kano ta yi irin tata a 2023. To amma duka don mai iya rubuta takarda ya hau mota zuwa babban birnin jiha aka tsara su. Yaro ɗan shekara goma da ke kulle ba shi da waya, balle kuɗin mota. Sai dai a je a same shi.

Don haka abin da ya rage wa majalisun jihohi shi ne su kafa ofishin da ba ya ƙarƙashin ma'aikatar da zai duba, wanda majalisa ke ware wa kuɗinsa, ita kuma yake kai wa rahoto. Jami'ansa su riƙa dira ba sanarwa, su shiga ɗakin kwana da kicin, su zauna da yaro ba mai gida a kusa, cikin harshen da yaron ke ji. Su kuma kiyaye sirrinsa, domin in ƙorafin ya koma kunnen wanda aka kai ƙara, daren ranar yaron ne zai sha duka, sauran kuma su ja bakinsu su yi shiru.

Wasu za su ce wannan shisshigi ne cikin hurumin iyaye da malamai. Mai riƙon amana da gaskiya ba ya tsoron a leƙo, kuma ya dace a sa malamai da masu unguwanni cikin masu ziyarar, tunda su suka san lungu da saƙo. Ta hannunsu ne ma za a fara aikin farko, wato ƙidaya gidajen da ke riƙe da yara a kowace ƙaramar hukuma, da sunan mai gidan da yawan yaran da ke kwana a ciki.